Garwashin kaka da akwatin ɓera: yadda tarbiyyar coci ta bi B. F. Skinner har ɗakin gwaji

A kashi na uku na tarihin rayuwarsa, wanda ya fito a 1983 yana dab da cika shekara tamanin, B. F. Skinner ya rubuta cewa akasarin matsayinsa na kimiyya kamar daga tauhidin cocin Presbyterian ya tsiro, tauhidin da bai yi nisa da koyarwar fasto Jonathan Edwards ba. Mai wannan magana ya bar imani da Allah tun yana ɗan saurayi, bai kuma koma ba har ya mutu a 1990. Shi ne kuma masanin halayyar ɗan Adam da ya fi kowa nacewa a ƙarni na ashirin a kan cewa a bar batun rai da niyya da zuciya, a auna abin da halitta take aikatawa kawai. To me ya rage masa na coci? Abu biyu ne masu jan juna. Ya riƙe ƙashin bayan akidar, wato cewa mutum ba shi ne farkon aikinsa ba. Ya kuma yi tawaye ga hanyar da aka bi aka cusa masa ita, wato tsoratarwa. Na farkon ya ba shi nazariyya. Na biyun ya ba shi manufa, kuma a nan ne ya fi yin tuntuɓe.

An haife shi ranar 20 ga Maris 1904 a Susquehanna, wani ƙaramin garin ma'aikatan jirgin ƙasa a jihar Pennsylvania ta Amurka. Mahaifinsa lauya ne, mahaifiyarsa uwargida ce mai tsananin kula da abin da mutane za su ce. Ba gidan duka ba ne. Ya ce mahaifinsa bai taɓa dukansa ba, mahaifiyarsa kuma sau ɗaya ta hore shi a jiki, ranar da ta wanke masa baki da sabulu saboda ya yi ashar. Horon gidan na nuni ne da gargaɗi. Mahaifin ya taɓa zagayawa da shi cikin gidan yarin yankinsu don ya ga makomar masu laifi, ya kuma kai shi wata lacca da aka nuna hotunan zaman fursuna a kurkukun Sing Sing. Kakarsa ta wajen uba ta fi su duka: ta buɗe masa murhun ɗumama falo, ta nuna masa garwashi yana ci jawur, ta ce haka wuta take. Daga baya wani mai wasan dabo ya zo garin, cikin wasansa aka fito da Shaiɗan mai ƙaho da wutsiya, yaron ya kwana idonsa biyu. Ya kuma tuna wata ƙarya da ya yi don ya tsere wa hukunci, wadda ta yi shekaru tana cin sa a rai.

A ɗaya ɓangaren akwai Mary Graves, malamarsa a makaranta wadda kuma take koyar da su Tsohon Alkawari a makarantar Lahadi. Ita ya je ya gaya wa cewa ya daina yin imani. Ba ta tsawata masa ba, ta ce ita ma ta taɓa shiga wannan hali. Shi dai bai fito ba.

Sai a fahimci abin da ya gada. Cocin Presbyterian reshe ne na koyarwar John Calvin, malamin Geneva da ya rasu a 1564, kuma takardar akidarsu ta Westminster ta 1646 ta ce Allah ya ƙaddara duk abin da zai faru tun fil azal, har da wanda zai tsira. Tsira baiwa ce, ba ladan aiki ba, saboda haka babu mai bugun ƙirji da ita. Jonathan Edwards, fasto a Massachusetts, ya mayar da wannan akida hujjar falsafa a littafinsa na 1754 kan 'yancin zaɓi. Hujjarsa ita ce mutum yana aikata abin da yake so, amma son nasa yana bin dalili mafi ƙarfi a wurinsa a wannan lokaci, kuma ba shi ya zaɓi abin da zai fi ƙarfi ba. Duk wanda ya yi karatun tauhidi a zaure zai ji ƙamshin gardamar Jabariyya da Ƙadariyya, ko da yake ba abu ɗaya ba ne. Edwards ɗin nan kuwa shi ne ya yi shahararren wa'azin 1741 a Enfield, inda ya kwatanta mai zunubi da gizo-gizon da aka riƙe a bakin wuta. Ƙaddara da garwashi a bakin mutum guda suka zo.

Ɗauki hujjar Edwards, ka cire Allah, ka sa gadon halitta da tarihin abin da ya sami mutum a muhallinsa, ka sami Skinner kusan cif. A wurinsa ma mutum yana yin abin da yake so, sai dai son nasa sakamakon abubuwan da suka biyo bayan ayyukansa na baya ne. Bambancin shi ne Edwards ya tsaya a hujja, Skinner kuwa ya ƙera na'ura.

Skinner ya shiga jami'ar Harvard a 1928, bayan ya karanta adabin Ingilishi a kwalejin Hamilton ya kuma yi shekara guda yana neman zama marubuci abin bai yiwu ba. A can ya haɗa akwatin da ake kira da sunansa. Akwati ne rufaffe da ba ya shigar da hayaniyar waje, a cikinsa akwai ɗan ƙarfen da ɓera zai danna, da mazubin abinci, da fitila ko ƙararrawa. Idan tattabara ce, sai a sa ɗan faifai a bango daidai kanta wanda za ta saƙa da baki. A waje akwai na'urar rubutu: takarda tana tafiya a hankali, alƙalami yana hawa mataki ɗaya duk lokacin da aka danna. Layi mai tsayuwa yana nufin dabba tana aiki da sauri, layi a kwance yana nufin ta daina. Ba a tambayar abin da take ji. Yawan dannawa a minti shi ne ma'auni.

Aikin yana da matakai, kuma kowanne yana da inda yake lalacewa. Da farko ana rage wa dabba abinci har nauyinta ya sauko wajen kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na nauyinta na ƙoshi, domin ƙosasshiyar dabba ba ta aiki don hatsi. Sai a saba mata da ƙarar mazubi: ƙara ta tashi, ƙwayar abinci ta faɗo, wadda a yau yawanci miligiram 45 ce ga ɓera. Ana maimaita wannan har ta riƙa rugawa mazubi da jin ƙarar. Wanda ya tsallake wannan mataki zai sha wahala, saboda ƙarar ce take cike tazarar da ke tsakanin aiki da cin abinci. Jinkirin 'yan daƙiƙoƙi kaɗai ya isa ya sa a ƙarfafa abin da ba a nufa ba, misali ɓera ya danna, ya juya yana susa, sannan abinci ya faɗo, sai susar ta ƙaru. Bayan nan sai sassaƙa ɗabi'a: a ba da abinci idan ta fuskanci ƙarfen, sannan sai ta matso, sannan sai ta taɓa, sannan sai ta danna. In aka ɗaga sharaɗi da gaggawa sai ta watsar, in aka daɗe a mataki ɗaya sai ta maƙale a nan. Skinner ya gane ƙarfin wannan dabara sosai a 1943, a saman wani ginin injin niƙan fulawa a Minneapolis, lokacin da shi da abokan aikinsa suka koya wa tattabara tura ƙwallo cikin 'yan mintoci.

Manyan bincikensa biyu ma tsautsayi ne ya kawo su, kuma shi ya faɗa da bakinsa. Wata rana mazubi ya cije, ɓera ya ci gaba da dannawa ba abinci, takarda ta zana yadda ɗabi'a take dushewa a hankali idan sakamako ya yanke. Wata Asabar kuma ya lissafa ya ga ƙwayoyin abincin da yake murzawa da hannu ba za su kai shi ba, sai ya ce a riƙa ba ɓera sau ɗaya a minti. Maimakon ya daina, ɓeran ya ci gaba da aiki daram. Daga nan aka sami jadawalin ƙarfafawa, wanda shi da Charles Ferster suka cika littafi guda da shi a 1957. In ana biya bayan adadin dannawa tsayayye, dabba tana aiki da sauri ta ɗan huta bayan kowane biya. In bayan lokaci tsayayye ne, sai ta yi sanyi da farko ta ƙara wuta idan lokaci ya matso, kamar ɗalibi da jarrabawa. In adadin yana canzawa ba a san ranar samu ba, aiki ba ya tsayawa kuma yana da wuyar kashewa, abin da yake riƙe ɗan caca ke nan.

Babu wanda zai ce waɗannan layuka daga makarantar Lahadi suka fito. Bayahude da Musulmi da wanda ba shi da addini duk za su sami zane iri ɗaya in suka bi matakan. Inda tarbiyya ta shigo shi ne fassarar da ya yi musu. Ya ƙi kalmar tukuici, ya zaɓi ƙarfafawa, domin tukuici na wanda ya cancanta ne, ƙarfafawa kuwa aiki take sama, ba mai aikin ba. Ya faɗaɗa wannan har ya rubuta littafin 1971, Beyond Freedom and Dignity, inda ya ce yabo da zargi duka sun ginu ne a kan jahiltar dalilai: muna yaba mutum gwargwadon yadda muka kasa ganin abin da ya sa shi. A wata lacca ta wannan shekara ya kwatanta mawaƙi da uwa mai haihuwa, ya ce waƙa ta bi ta cikinsa ne ta fito, ba shi ya halicce ta ba. Wannan muryar mai wa'azin Calvin ce sak, wanda yake cewa kada kowa ya yi fahariya da aikinsa. Daga ɓera mai danna ƙarfe zuwa soke cancantar ɗan Adam baki ɗaya tsalle ne mai nisa, kuma gwaji bai tilasta shi ba. Mutumin da aka yi renonsa da wannan tunani ne zai ga tsallen kamar taku ɗaya.

Batun horo ya fi wannan bayyana. A littafinsa na farko, na 1938, ya ba da rahoton wani gwaji. An koya wa ɓeraye danna ƙarfe, aka yanke abinci, aka raba su biyu. Rukuni ɗaya, a minti goma na farko, duk wanda ya danna sai ƙarfen ya dawo ya mare shi a ƙafa. Ɗaya rukunin ba a taɓa su ba. Waɗanda aka mara sun ja baya da farko, amma kafin ƙarshen kwana na biyu jimillar dannawarsu ta kamo ta sauran. Skinner ya yanke cewa horo yana danne ɗabi'a ne na ɗan lokaci, ba ya cire ta. A 1941 shi da William Estes suka ƙara wani: ɓera yana aikinsa na neman abinci, sai a kunna ƙara na 'yan mintoci, a ƙarshenta a ja shi da lantarki. Bayan 'yan maimaici, da ƙarar ta tashi sai dannawa ta faɗi warwas, alhali dannawar ba ta da alaƙa da lantarkin. Suka kira wannan fargaba, suka auna ta da lamba. Ma'anarsa ita ce barazana ba ta tsayawa a kan laifin da aka nufa, tana daskarar da aikin kirki da ke kusa da shi. Da wuya mutum ya karanta wannan bai tuna yaron da ya kwana ba barci ba.

A kan wannan ya gina jerin illolin horo da ya yi ta maimaitawa har tsufansa. Horo ba ya koyar da abin da za a yi, sai abin da za a bari. Yana haifar da gudu da ɓuya da ƙarya, domin duk abin da ya kuɓutar da kai daga azaba shi ma ƙarfafa shi ake yi. Yana sa a tsani mai horon da wurin horon. Kuma yana kama mai yin sa, saboda ɗabi'ar tana tsayawa nan take, sai hannunsa ya saba. A littafinsa na 1953 ya ware babi guda ga addini, ya jera shi tare da gwamnati da tattalin arziki da ilimi a matsayin hukumomin da ke sarrafa ɗabi'a, ya ce aljanna da wuta su ne taƙaitaccen duk abin so da duk abin ƙi. A nan ya kamata a ja layi. Akwatinsa yana iya auna abin da tsoro yake yi wa aiki, amma ba shi da ta cewa a kan ko abin da ake tsoron gaskiya ne.

Matsalar ita ce gwajin 1938 bai kai nauyin da ya ɗora masa ba. Marin ƙarfe na minti goma horo ne mai sauƙi. Da Nathan Azrin da William Holz suka tattara binciken horo a 1966, sai ya bayyana cewa horo yana iya kashe ɗabi'a ta daɗe a mace idan ya zo nan take, da ƙarfinsa tun farko, a kowane karo, kuma akwai wata hanyar samun abin da ake nema. Wanda aka fara da sauƙi ana ƙarawa kaɗan-kaɗan shi ne dabba take sabawa da shi. A 1967 wasu masu bincike, Boe da Church, suka maimaita tsarin gwajin nasa da lantarki mai ƙarfi daban-daban, suka ga mai tsanani yana rage dannawa dindindin. Illolin da Skinner ya lissafa na nan, bincike ya tabbatar da yawancinsu, kuma su kaɗai sun isa hujja ga iyaye da malamai. Amma cewa horo ba ya aiki, wannan bai tsaya ba. Mutumin da ya shahara da bin lamba duk inda ta kai shi, a wannan wuri ɗaya ya gamsu da wuri, kuma wuri ne da yake da tsohon miki.

Akidar cewa muhalli ne mai juya komai ita ma ta ci karo da bango, a hannun ɗalibansa ma. Keller da Marian Breland sun bar jami'a suka kafa sana'ar horar da dabbobi don talla da nishaɗi, a 1961 kuma suka wallafa abin da ya ba su mamaki. Sun koya wa alade ɗaukar kuɗin katako ya jefa a asusu don ya sami abinci. Da farko lafiya lau, bayan makonni sai ya riƙa yar da kuɗin yana tonon ƙasa da shi da hanci, yana jinkirta abincin kansa. Rakun kuma, wata ƙaramar dabbar daji ta Amurka, ta riƙa murza kuɗin a hannu kamar tana wanke abinci, ta ƙi saki. Halin asali ya rinjayi horarwa. A 1966 John Garcia ya nuna ɓera yana danganta ciwon ciki da ɗanɗano ko da an sami tazara mai tsawo, amma ba ya danganta shi da haske ko ƙara. Har gwajinsa na 1948 da ya kira camfin tattabara, inda aka riƙa ba tattabaru takwas abinci kowane daƙiƙa 15 ba tare da sharaɗi ba shida suka kama wasu motsi kamar juyawa da kaɗa kai, an sake duba shi a 1971 aka ga yawancin motsin ɗabi'ar neman abinci ce ta tsuntsu da ke fitowa idan lokaci ya matso.

Wanda yake son ganin cocin a fili ya duba ƙagaggen labarinsa, Walden Two, da ya rubuta a 1945 aka buga a 1948. Gari ne na mutum wajen dubu da aka tsara babu duka babu kurkuku. Wanda ya kafa shi, Frazier, yana cewa Yesu ne ya fara gano ƙarfin ƙin ramuwa da ya ce a ƙaunaci maƙiyi. Ana koya wa yara haƙuri da alewa da aka barbaɗa wa garin sukari aka rataya musu, in an lasa za a gani, har su gane da kansu cewa dabara ita ce a kawar da ita daga ido. Ana sa su tsaya minti biyar a gaban miya mai zafi suna jin yunwa kafin su sha. Jarrabawa da juriya da kame kai, duk darussan makarantar Lahadi ne, an dai cire garwashin. A ƙarshe Frazier ya hau wani tudu yana kallon garinsa, ya amsa cewa yana jin daɗin kwaikwayon Ubangiji. Wasu sun gwada abin da gaske, suka kafa ƙauyuka a kan tsarinsa: Twin Oaks a Virginia a 1967, da Los Horcones a Meziko a 1973. Ta farkon ta daɗe da sassauta tsarin nasa, kuma tambayar da ta fi damun irin waɗannan wurare ita ce wa zai tsara masu tsarawa.

Duk da haka kada a ɗauka tarbiyya tana haifar da nazariyya kamar yadda iri yake haifar da tsiro. Cocin Presbyterian na Amurka ya sassauta lafazin ƙaddara a 1903, shekara guda kafin a haife shi, kuma Skinner ya sha daga masana falsafa Francis Bacon da Bertrand Russell, da masu binciken ɗabi'a Pavlov da John Watson. Shaidar da muke da ita ma ta dattijo ce mai waiwaye, wanda nazariyyarsa take buƙatar ya samo dalilan kansa a yarintarsa. Sannan 'ya'yan gidajen addini sun cika wannan fage a lokacin. Pavlov ɗan limamin coci ne da ya fara karatu a makarantar tauhidi ta Ryazan. Edward Thorndike ɗan faston Methodist ne. Watson uwarsa 'yar Baptist ce mai tsanani da ta so ya zama mai wa'azi.

Carl Rogers, wani masanin halayya na zamaninsa, shi ne gwaji mafi kyau. An haife shi a 1902 a Oak Park kusa da Chicago, a gidan da ya fi na Skinner tsauri, ba rawa ba karta ba zuwa gidan wasa. Ya je China a 1922 taron ɗalibai Kirista, ya shiga makarantar tauhidi ta Union a New York a 1924, sannan ya bar ta ya koma ilimin halayya. Shi ma ya tsani tarbiyyar sharaɗi, ya ce yaron da ake ƙauna sai in ya yi abin da ake so yakan rabu da ainihin kansa. Amma maganinsa kishiyar na Skinner ne: a karɓi mutum ba sharaɗi, a amince cewa yana da ikon zaɓi da gyara kansa. Rogers ya jefar da akidar lalacewar ɗan Adam ya riƙe alherin da ba a saya, Skinner ya jefar da wuta ya riƙe ƙaddara. Da suka yi muhawara a 1956, Rogers ya tambaye shi wa zai riƙe linzamin kuma don wace manufa. Skinner ya amsa cewa ai linzami yana nan ko an so ko an ƙi, gara a san da shi a gyara shi.

Ranar 10 ga Agusta 1990, cutar sankarar jini ta riga ta ci ƙarfinsa, ya tsaya gaban taron ƙungiyar masana halayya ta Amurka a Boston don karɓar lambar yabo. A lokacin fagen ya koma hannun masu nazarin tunani da ƙwaƙwalwa, waɗanda suka sami ƙarfi tun sukar da masanin harshe Noam Chomsky ya yi masa a 1959. Da zai soke su, sai ya ce iliminsu shi ne akidar mahalicci ta wannan fage, yana nufin sun sake dasa wani ɗan mahalicci a cikin kan mutum wanda ayyuka ke farawa daga gare shi. Ya rasu bayan kwana takwas, ranar 18 ga wata, yana da shekara 86.